Hannun Baba

Zuwa ga Yaya Hamdan,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali a can Johor.

Garinmu ya farfaɗo, in ka zo ba za ka gane shi ba. Tsohon rumbun kifi ya zama ɗakin nuna zane. Masu zane daga Kuala Lumpur sun cika shagunan da ke rufe tun muna yara, kuma su suka tono Baba, wai shi kaɗai ya rage cikin masu yi wa kwalekwale ado. Yanzu a kan allon katako ake sayen tsuntsayen da yake zanawa, baƙi har rububi suke. Sun shirya taro ƙarshen wata, zai yi zane a gaban jama'a.

Yaya, don Allah ka zo.

Ƙanwarka,
Rohaya

Rohaya,

Wa alaikumus salam. Alhamdulillahi! Shekara arba'in yana shan rana a bakin teku, sai yanzu aka san da shi. To mene ne na "ka zo" kamar an yi rasuwa? Ba hutu a tashar jiragen nan sai Sallah. Ke dai ki goge masa rigarsa mai kyau, ki gaishe shi.

Yayanki,
Hamdan

Yaya,

Bayan gaisuwa. Tunda ba za ka zo ba, bari in faɗa maka. Shekara biyu ke nan hannun Baba na rawa, ko shayi ba ya kaiwa baki bai zubar ba. Duk allon da aka saya ni na zana. Shi yana gefe yana cewa, "Ƙara ja a fiffiken nan," in na gama in riƙe masa hannu ya sa suna.

Na ce mu gaya wa Mei Fong, mai ɗakin zanen. Ya ce, "Sunana suke saye, 'yar nan. Ke wa ya san ki?" Na ce to mu ce ba shi da lafiya, a fasa taron. Ya ce shi bai taɓa saɓa alkawari ba.

Yaya zan yi?

Rohaya

Ƙanwata,

Sau uku na karanta takardarki. Na roƙi hutu, an hana ni. Wallahi ban san abin da zan ce miki ba. Allah Ya rufa asiri.

Hamdan

Yaya,

Ina gaisuwa. An yi taron, rumbun ya cika maƙil. Baba ya ɗauki buroshi, layin farko ya karkace, fenti ya yi ta ɗiga har ƙasa. Ina tsaye a bayansa da gwangwanin fenti. Ya waiwayo ya dube ni, na ɗauka kirana zai yi. Sai wani baƙo ya fara tafi, wai tsoho ya fito da sabon salo. Kowa ya ɗauki tafi. Mei Fong ta rungume ni, ta ce irin wannan take so guda goma kafin damina.

Da muka koma gida bai ci abinci ba. Yau da safe ya miƙo mini buroshi, ya ɗora hannunsa a kan tabarma, ya ce in duba da kyau, in koyi yadda yake rawa.

Ka sa mu a addu'a.

Rohaya