Misalin da Yaya Ta Rubuta a Allo

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Na gaishe ki ne don Inna ta koya mana gaisuwa, ba don raina yana so ba. Ki daina kiran wayata, ba zan ɗauka ba. Ki yi haƙuri da waɗannan manyan haruffan, kin fi kowa sanin dalili.

Shekaranjiya matar mai kantin magani ta shigo shagona ta ce in ba ta yadinta tun ban yanka ba. Na ce lafiya? Ta ce, "Lafiya lau, Auta, ba na son in wahalar da ke ne, tunda idon ya ƙi." Kafin la'asar matar direba ma ta zo ta karɓe nata, ita ko kunya babu, wai leshinta ba na gwaji ba ne. Sai da na tsare ta a bakin ƙofa sannan ta faɗa mini. Ashe a ajin yamma da kike koya wa matan unguwa Turanci kun zo darasin yadda ake faɗin abin da mutum ya rasa, da yadda ake cewa da can haka ne, amma yanzu ba haka ba. Sai kika juya kika rubuta a allo cewa da ƙanwarki tana gani sarai, amma yanzu ba ta iya zura zare a allura. Kika sa suka maimaita da ƙarfi, layi bayan layi, suka kwafa suka tafi da shi gida.

Yaya, ke kaɗai na faɗa wa, ina kuka a ɗakin girkinki. Rabin matan ajin nan ni nake musu ɗinki. Da hannu nake laluben gefen yadi, kuma har yau babu wadda ta taɓa dawo mini da riga ta ce ta karkace. Yanzu kekena na nan a rufe da zane.

Ki gaida yara.
Ƙanwarki, Auta


Zuwa ga ƙanwata Auta,

Wa'alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Takardarki ta iso, na karanta, kuma raina bai ji daɗi ba.

Ina so ki fahimci yadda aikin koyarwa yake. Matan nan manya ne, sun yini suna aiki kafin su zo. Idan na ba su misalin littafi, wani yaro ya ɓatar da ƙwallonsa, hamma suke yi, gobe sun manta. Misali mai rai ne yake zama a kai. Alli yana hannuna, ina neman abin da zan rubuta, ke ce a zuciyata saboda damuwar da nake yi da ke, sai hannuna ya tafi. Ban ambaci sunanki ba. Kuma ki tuna, lalura ba abin kunya ba ce, ko ba jima ko ba daɗe za su sani.

Game da ɗinki, kada ki damu. Ina da atamfa biyu, zan aiko miki, kuma zan yi wa matan magana. Ki rage fushi, ba ya yi wa ido kyau.

Allah ya ba ki lafiya.
Yayarki


Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa.

Ba ki ambaci sunana ba! Ƙanne nawa gare ki? Na duba takardarki sama da ƙasa, na kai ta bakin taga, na sa maigidana ya sake karanta mini, ko idon ne ya tsallake inda kika ce in yafe miki. Babu. Ki riƙe atamfarki, ban fara bara ba tukuna.

Amma kin burge ni da zancen misali mai rai. Na ji an ce kuna karɓar sababbin ɗalibai, kuma ranar Laraba kowace mace za ta miƙe ta kawo misalinta a gaban aji. Ki ajiye mini kujera a gaba, kin san ba na hangen nesa. Ina da nawa misalin, har na sa an juya mini shi zuwa Turanci, ina ta haddacewa ina shara: da Malama tana da miji, amma yanzu takalmansa kawai gare ta.

Ko kin manta wadda kika faɗa wa? Kowa a unguwa ya san wai an yi wa baban yara canjin wurin aiki. Ni na san ranar da ya kwashe kayansa ya ce ya gama. Na san kina jera tsofaffin takalmansa a bakin ƙofa, kina wanke rigunansa kina shanyawa a igiya duk ƙarshen mako don maƙwabta su gani. Ko babbar 'yarki ba ta sani ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Inna. Amma tunda lalura ba abin kunya ba ce, sai mu haɗu ranar Laraba.

Na bar ki lafiya.
Auta


Auta, 'yar uwata,

Salam. Ban san ma yadda zan gaishe ki ba.

Na zo shago na tarar da kwaɗo a ƙofa, na je gida maigidanki ya ce kin ce ba kya nan. Tun da takardarki ta zo nake nemanki. Jiya Laraba na shiga aji, ga kujerar gaba babu kowa. Duk wadda ta taɓa ƙofa sai in waiga in ga ko ke ce. Matan suna ta miƙewa ɗaya bayan ɗaya, ba na jin abin da suke cewa. Sai na ce wa kaina, in dai za a ji, gara a ji daga bakina, ba daga bakin ƙanwata tana tsaye tana kallona ba.

Na ɗauki alli na rubuta cewa da ina da miji, amma yanzu ba ni da shi. Matar direba ta ce, "Malama, wannan ma mu kwafa?" Babu wadda ta yi dariya, da ma sun yi. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da babbar 'yata zaune a bakin ƙofa ta rungume takalmin babanta, ta ƙi ko kallona.

Yanzu na san abin da na yi miki. Ki yafe mini, don Allah, don darajar Inna. Na riga ki faɗa, babu sauran abin da za ki tona. Ki zo, ko zagina ne ki yi.

Yayarki mai neman afuwa


Yaya,

Wa'alaikis salam. Na karanta.

Ban taɓa yin rajista ba, kuma babu wanda ya juya mini komai zuwa Turanci. Me zan je yi a aji, ni da ko a kujerar gaba ba zan ga allo ba? Ranar Laraba ina asibiti a layin masu ciwon ido tun safe.

Maganarki tana nan a cikina yadda kika ba ni ita, ban faɗa wa kowa ba. Amana biyu ke hannunki, tawa da taki, kuma duka biyun da hannunki kika rubuta su a allo.

Ki gaida yara, musamman babbar.
Auta