Wanda Ya Ba Yaya Labbo Haƙuri

Isa, ranar Litinin

Zuwa ga ƙanena Is'haƙa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Saude da yara, ya muka ji da wannan katse sabis da aka yi mana? Mu nan Isa waya ta zama fitila, sai dai a haska tuwo da ita. Shi ya sa na koma biro da takarda, na ba Lawwali direba ya kawo maka.

Is'haƙa, Allah ya yi maka albarka. Ban taɓa zaton za ni rubuta maka wannan kalma ba, amma ga ta na rubuta. Makon jiya na je Sakkwato duba ɗiyata Halimat da ta haihu. Muna shiga gari wayata ta farfaɗo, ta dinga kuka cikin jaka. Na buɗe guruf ɗinmu na Wasaf, Zuri'ar Malam Jibrilla, sai ga ka ko'ina. Kullum safiya kai ke fara gaida mutane. Ka yi wa Kadijatu barka, ka yi wa mutanen Gatawa jaje, har ciwon gwiwar Goggo Maimunat ka tambaya. Kai da ko gaisuwar salla sai an bi ka da ita gida!

Amma babban abin shi ne na Yaya Labbo. Na je gaishe shi gidansa can Sakkwato, ya miƙo mini wayarsa, ya ce, “Larai, diba abin da ƙanenki yar rubuto.” Na karanta inda ka ce masa babba juji ne, ya yafe maka, ƙuruciya ce. Wallahi sai da Yaya ya juya baya yana gyaran hula, ni kuwa na yi kukana a fili.

Shekara da shekaru ba ku ga maciji, duk a kan suna. Ranar sunan ɗanka ka aike shi ya faɗa wa liman a sa wa yaron Nasiruddeen, shi kuma ya sa aka raɗa masa sunan Baba. Ka yi fushi a kan sunan da ko an raɗa ba za ka iya faɗa da bakinka ba, tunda ɗan fari ne. Yanzu ga yaron ya isa aure, mutanen Tozai kuma sun ce ba su ba da ɗiyarsu sai baffan ango ya zo nema da kansa. Ina ta tunanin yadda za a yi, ashe kai ka riga ka gyara. Yaya ya ce za shi Tozai ko da ƙafa ne.

Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. A ina kake samun sabis a Sabon Birni? Ko layin Nijar ka saya ba ka faɗa mana ba? Ka gaida Saude.

Yayarka,
Larai

Sabon Birni, ranar Laraba

Zuwa ga Hajiya Larai,

Wa'alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Takardarki ta same ni a rumfa ina awon gero, na karanta, na sake karantawa, sannan na kira Lawwali na tambaye shi ko ya yi ɓatan kai ne.

Ina mai sanar da ke cewa ban gaida kowa ba. Ban san Kadijatu ta haihu ba, ban san gwiwar Goggo na ciwo ba, Allah ya ba ta lafiya. Wayata tana ƙarƙashin matashi tun ranar da aka ɗauke sabis. Ba ni da layin Nijar, kuma ko ina da shi ba wannan aiki za ni yi da shi ba. Batun ba wancan bawan Allah haƙuri kuwa, Hajiya, kin san ni. Shi ya canza wa ɗana suna a gaban jama'a, ana rabon goro, ya fito yana murmushi. In akwai mai ba da haƙuri, ya san kansa.

Na zauna na yi nazari, abu ɗaya kawai na tuna. Ana gobe za a katse layi wani mutum ya kira ni. Ban san shi ba, amma ban taɓa jin mai iya gaisuwa irinsa ba. Ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ruwa da yabanya, ya yi wa mahaifanmu addu'a. Sannan ya ce ƙungiyar 'yan hatsi za ta yi taro ta waya, kuma an duba duk ƙasar Gobir ba a ga wanda ya cancanci zama uban ƙungiya ba sai ni. Ban yi mamaki ba, don gaskiya ce. Ya ce za a turo mini lambobi shida na shiga taro, in karanto masa. Suka shigo, na karanto. Mutumin da ya gaishe ka haka ba ka kallon idonsa ka ce a'a, balle ta waya. Har yau dai ina jiran taron.

In wannan yana da alaƙa da abin da kika gani, ki yi mini bayani. Kuma ki aika wa wancan mutum cewa ba ni ba ne, kada ya je yana faɗa a gari cewa na durƙusa.

Naku,
Alhaji Is'haƙa Jibrilla
Sarkin awon gero, kasuwar Sabon Birni

Isa, ranar Juma'a

Is'haƙa,

Sallama da gaisuwa. Uban ƙungiya, ranka ya daɗe! Na yi dariya har Lawwali ya leƙo ya ga ko lafiya, daga baya kuma dariyar ta ɗauke.

Waɗannan lambobi shida da ka karanto su ne makullin Wasaf ɗinka. Haka aka yi wa wata abokiyar aikina a asibiti bara, ita da sunan tallafi aka zo mata. Duk wanda ya karɓe su ya zama kai: sunanka, hotonka da babbar rigar nan, da duk mutanen da ke guruf. Ka ɗauki makullin gida ka miƙa wa ɓarawo don ya iya gaisuwa. Ladabin da yake ta zubawa kuwa shimfiɗa ce. Halimat ta aiko mini cewa ya fara bin dangi ɗaya bayan ɗaya, wai kayansa sun maƙale a kan iyaka, a taimaka masa kafin kasuwa ta ci. Na sa ta gargaɗi kowa, kuma Allah ya tsare, ba wanda ya tura komai.

Sai dai ka san abin da ya ba ni haushi? Ba wanda ya yi murna. Da aka faɗa wa Goggo Maimunat ba kai ba ne, cewa ta yi, “To mi za a yi yanzu? Ba a iya bar muna wanga, a ba ɓarayin wancan?” Kadijatu ta ce dama ta yi mamaki. Ka ji irin shaidar da dangi ke yi maka.

Mutum ɗaya na hana a faɗa wa, shi ne Yaya. Ɓarawon bai roƙe shi komai ba tukuna, da alama babban kifi yake ajiye shi. Kuma ba za ni kai saƙonka ba, ko ka yi fushi. Yaya ya riga ya kai shadda ɗinki, ya aika Tozai cewa yana nan tafe. Yaronka ya zo nan jiya, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ka san sau nawa mutanen nan suka ɗaga maganar, kuma ka san akwai wani ɗan Shinkafi da ke zarya gidan. In Yaya ya fasa, yarinyar ta tafi.

Ga shawarata. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ka shiga mota ka je inda akwai sabis, ka sake buɗe Wasaf da layinka, za a turo sababbin lambobi, ka sa su da hannunka, ɓarawo ya faɗo. Akwai wani kulle na biyu da ake sawa, ka sa a nuna maka, kuma ko limamin Juma'a ya kira ka kada ka karanto masa. Bayan nan ka ja bakinka ka yi shiru. An ba da haƙuri, an karɓa, wa ya tambaye ka wanda ya rubuta? Girman kai rawanin tsiya ne, kai kuwa naka ya kai ƙasa.

Ka gaida Saude, ka ce ina yi mata sannu da zama da kai.

Larai

Sabon Birni, ranar Talata

Yaya Larai,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na bi rabin shawararki.

Na bi ayarin motoci na je Sakkwato ban faɗa wa kowa ba. A bakin tasha na zauna wurin wani mai gyaran waya, ya nuna mini, na yi komai da hannuna. Da lambobin suka shigo na rufe su da hula har shi mai gyaran ya yi dariya. Allah ya taimake ni ɓarawon bai sa nasa kullen ba, ya faɗo, na sa nawa. Na shiga guruf na rubuta, “Ni ne na gaskiya.” Ba wanda ya amsa sai Goggo, ta turo, “Mun gani.”

Ina nan zaune sai ga saƙon murya ya shigo daga wurin wancan bawan Allah da ya canza wa ɗana suna. Na daɗe ina kallon abin kafin in danna. Ba wata magana ba ce mai tsawo. Cewa ya yi, “Is'haƙa, ina kwana. An yi ruwa nan jiya. Ku hwa, ya gero?” Shi ke nan. Yaya Larai, muryarsa ta tsufa. Ni a kaina har yanzu muryar ranar suna nake ji, mai kaurin nan, ashe ta tafi ban sani ba. Na saurara, na sake saurara, har mai gyara ya ce in ba wani wuri.

Na hau ɗan acaɓa har bakin layinsu. Na hango ƙofar gidan, na hango tabarmarsa a zaure. Sai na ga in na shiga, da rigar ɓarawo za ni shiga. Duk fara'ar da zai yi mini ba tawa ba ce, ta wani ce mai daɗin baki da ban taɓa gani ba. Ni mutum ne mai taurin kai, na sani, Saude ma tana tuna mini kullum, amma ban taɓa auna wa mutum gero da mudun aro in ce nawa ne ba. Na ce wa ɗan acaɓa mu juya.

A tasha na sayi takarda na rubuta masa gaskiya. Na ce an sace mini Wasaf, duk abin da ya karanta ba ni na rubuta ba, ko harafi ɗaya. Na so in ƙara wani abu a ƙasa, na riƙe biro har mota ta cika, bai fito ba. Na sa hannu na ba yaron mota ya kai.

Na san abin da na jawo. Tun da na dawo ban iya haɗa ido da ɗana ba, yana ta goge takalmin zuwa Tozai. In abin ya lalace ni na lalata, kuma ina jin tsoro, ba na ɓoye miki. Kada ki rubuto mini zagi, Saude ta riga ta yi naki da nata.

Ƙanenki,
Is'haƙa

Isa, ranar Alhamis

Is'haƙa,

Sallama. Ka ce kada in zage ka, to ban zage ka ba. Na dai tambayi Allah abin da na yi aka haɗa ni ciki ɗaya da ku biyu. Ɓarawo ya ɗinke muku abin da malamai da dattawa suka kasa, kai ka bi da reza.

Ga takarda nan Lawwali ya taho da ita daga Sakkwato, an rubuta sunanka a baya da rubutun Yaya. Na ɗaga ta a rana, ban ga komai ba. Ban buɗe ba, Allah shaida, amma in ka karanta ba ka aiko mini da labari ba, za ni zo da kaina.

Larai

Sakkwato, ranar Laraba

Is'haƙa,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso. Ita kam ban yi shakka ba, taka ce: ba gaisuwa, ba tambayar iyali.

Na sani tun tuni. Ranar da mutumin ya ce in gaida masa Mama na gane, don mu Inna muke cewa, kuma ni da kai muka sa ta a kabari. Ban faɗa wa kowa ba. Na bar shi yana rubutowa, saboda kullum safiya sunanka na fitowa a wayata, kuma na daɗe ban ga haka ba. Tsufa ke nan.

Zuwa Tozai ba don saƙo na yi niyya ba. Yaron ɗana ne, dalili kawai nake jira, ko na ɓarawo ne.

Ina nan tafe ranar Asabar in hanya ta yi kyau, gidanka za ni sauka. Ban goge saƙon ban haƙurin ba. In na zo za ni miƙa maka wayar ka karanta mini shi da bakinka. In ya gagare ka, ka sa Saude ta dama mini fura, ka zauna kusa da ni har in shanye. Ya isa.

Yayanka,
Labbo