Muryar Tilman Ta Buɗe

Naumburg, makon Ista

Zuwa ga Yaya Almut,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Hartwig da yara, kuma sanyin ƙasar Chile bai taso miki da ciwon gwiwar nan ba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu nan lafiya lau. Mama tana nan da ƙarfinta, har ta fara shukar dankali a bayan gida. Matata Gesine ma lafiya, sai dai tun ranar Juma'a gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma tana da gaskiya.

Faifan da na yi miki alkawari, na waƙar ɗanmu Tilman a coci ranar Juma'ar Gicciye, ba zai zo ba. Gara ki ji dalili daga bakina, don kunyar tawa ce. Kin san dokar ƙungiyar yara mawaƙan coci: duk wanda muryarsa ta fara buɗewa a faɗa wa shugaban mawaƙa, Malam Dressel, ya hutar da shi har muryar maza ta zauna masa, don tilasta maƙogwaro a wannan lokaci yana iya lalata shi har abada. To, ni na fara jin alamar, Tilman yana kiran kare a tsakar gida, muryar ta zame. Ya dube ni, na dube shi. Ya ce ko ya gaya wa Malam? Na ce mura ce, ya sha zuma ya yi shiru. Ni da na tsufa ina busa algaitar katako a bayan yaran mutane, a ce ban san mura ba!

Son zuciya ne, Yaya. An ba shi baitin da yaro ɗaya ke rerawa shi kaɗai, algaita tana amsa masa, kuma algaitar tawa ce. Kayan kiɗanmu irin na mutanen da, masu tsarkiyar hanjin tumaki, sautinsu ya ɗan fi na zamani sauka, shi ya sa a gwaji yake kaiwa da ƙyar ba a gane ba. Tsohuwa Irmtraud mai goge ce kaɗai ta tsare ni a bakin ƙofa, wai ko kunnena ya toshe ne, yaron nan ai zakara ne ke shirin cara, in bar shi ya huta. Na ce mata ta ji da tsarkiyarta da ke saki kullum kamar wandon mahaukaci. Ta ce to, ranar tana zuwa.

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, wannan karon kuma uban ɗa ne ya ji ta. Coci ya cika, Mama tana layin gaba. Tilman ya fara da kyau har na ji ƙwalla. Da ya zo hawa sama sai muryar ta tsage, ta faɗo ƙasa. Ya sake gwadawa, iska kawai ta fito. Sai ya waiwayo wajena. Yaya, abin da ya fi ci mini rai ke nan: na sunkuyar da kai na ci gaba da busa kamar ban san ɗan wane ne ba. Yaron da ke gefensa ne ya karɓi baitin ya ƙarasa. Kin san ba a yin tafi a coci a wannan rana, haka kowa ya fita shiru, ni kuwa shirun nan ya fi mini zagi zafi.

Malam Dressel bai yi faɗa ba. Tambayata kawai ya yi yaushe abin ya fara, na faɗa masa gaskiya, ya ce shi yara arba'in yake saurare, ni ɗaya tak. Likita ya ce maƙogwaron ya kumbura, kada ya yi waƙa sai baɗi, kuma ba zai iya cewa yadda muryar za ta dawo ba.

Washegari ina goge algaita sai ga Tilman ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce Baba in yi haƙuri, ya ba ni kunya a gaban mutane. Shi ke ba ni haƙuri! Na ce laifina ne, ba nasa ba, ya ce to, ya fita. Ban ga alamar ya yarda ba. Ke yake jin maganarki tun yana ƙarami, don Allah ki kira shi ki faɗa masa abin da ya ƙi ji daga wajena.

Ki gaishe mini da Hartwig, da 'yarki Wiebke da ɗan autanki Jost. Mama da Gesine suna gaishe ku. In kin kira kika ji murya mai kauri ta ɗauka, kada ki ce a ba ki Tilman. Shi ne.

Ƙaninki,
Ekkehard