Tabarmar da Na Kai Apolima

Zuwa ga Yaya Leitu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan ciwon gwiwarki ya yi sauƙi, yara kuma suna lafiya.

Abin da kika ji gaskiya ne. Ɗana Penaia, wanda yake ɓoye a gidanki, ya bugi Uelese, matuƙin jirgin ruwan tsibirin Apolima, da sandar wasa, har idonsa na hagu ya mutu. Dattawan garinmu sun yanke cewa idan dangin Uelese ba su yafe ba, za a kori Penaia har abada. Kawu, mai riƙe da sarautar gidanmu, ya ƙi zuwa neman gafara, wai sarautarsa ba ta durƙusa wa tsibirin da bai fi tukunya girma ba.

Saboda haka gobe ni zan tsallaka, in zauna a ƙofarsu lulluɓe da tabarmarmu ta gado, har sai sun yaye ta, domin a al'adarmu wannan ce alamar sun yafe. Na tambayi zuciyata ko tawali'u ke tura ni, ko son a ce na fi Kawu. Ko wanne ne, zan tafi.

Ƙanwarki,
Folole

Yaya Leitu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, ina rubuto miki daga tsibirin.

A tsagar dutsen da ake bi ta ciki a shiga tsibirin, mai jirginmu ya tsaya jiran igiyar ruwa, yana cewa, "Uwa, riƙe da kyau, teku ba ta san 'yar coci ba!"

Na zauna a ƙofarsu tun hantsi. Ganuwar tsohon dutse mai aman wuta da ta kewaye tsibirin ta tare iska, rana ta dafa ni. Ina jin ƙannen Uelese suna gardama a ciki. Na karanta Zabura har harshena ya bushe, ban motsa ba.

Da yamma Sifaga, mahaifiyar Uelese, ta yaye tabarmar. Ta ce, "Tashi, mai taurin kai, kada ki mutu mana a ƙofa laifi ya dawo kanmu." Ta ba ni ruwan kwakwa da gasasshen gwaza.

Sun yafe, ba za a kori Penaia ba. Amma na ga Uelese ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, ya kama iska. Mai ido ɗaya ba zai ƙara shiga tsagar nan da jirgi ba. Ba su roƙi kome ba. Ni na yi alkawari.

Ki gaya wa Penaia ya taho ranar Litinin da kayansa. Shi zai riƙa tuƙi, Uelese yana zaune a bayansa yana faɗa masa inda dutse yake.

Ubangiji ya kiyaye ku.

Ƙanwarki,
Folole