Motocin da Na Yi wa Fenti

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙafar taki ta yi sauƙi. Tunda an katse layin waya, na ba direba wannan takarda.

Shekaranjiya aka kawo fararen motoci garejinmu, ba lamba, aka ce mu yi musu fenti irin na 'yan sanda, har da tambari a ƙofa. Yaran jam'iyyar gwamnati ne suka tuƙo su, ido jajur, ga adduna a ƙarƙashin kujera. Wani babban ɗan sanda ya zauna a bencinmu yana shan shayi har muka gama. Na yi aikin, Yaya, don ban ga fuskar musu ba.

Ki hana Autanki zuwa rumfar zaɓe. Na san shi ne wakilin 'yan adawa a unguwarku, amma zaɓen nan da soja suka ce daga shi za su sauka, raina bai kwanta da shi ba. In ya kafe, ko da wasa kada ya kusanci motar 'yan sanda.

Ƙanenki mai ƙaunarki.

*

Ƙanena,

Ina gaishe ka da iyali. Takardarka sai washegarin zaɓe ta iso, an tsare direban a shingen hanya.

Auta ya fita da sassafe, sanye da hular da na saƙa masa mai jan baki. Ka san shi da taurin kai, kai ya gado. Ni da bakina na ce masa, "In rikici ya tashi, ka ruga wajen 'yan sanda."

Rikicin kuwa ya tashi wajen ƙidaya. Maƙwabciyata ta gan shi rungume da akwatin ƙuri'a, ya shiga motar 'yan sanda da ƙafarsa. Na ja ƙafata har ofishinsu, suka ce ai motarsu ko ɗaya ba ta fita ba a ranar.

Kai ka san aikin hannunka. Ta gaske ya shiga, ko taka?

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Yau suka dawo da motocin, wai a mayar da su farare. Ɗan sandan na kan benci. Na tambaye shi ina mutanen da aka ɗauka, ya ce in kula da fentina.

Hular mai jan baki, a cikin ɗaya daga motocin na tsince ta, tana aljihuna. Gobe ina tafe, in Allah ya yarda.

Ƙanenki.