Na ɓoye makullin motar maigidana saboda bututun salansa

Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanku da warhaka. Adimin ka taimaka ka saka mani wannan amma ka ɓoye sunana, don akwai 'yan garinmu a nan kuma na san suna karantawa. Don Allah ku ba ni shawara, musamman direbobin manyan motoci da makanikai, da matan direbobi irina. Na san wasu za su ce me ya haɗa mace da maganar salansa, ni ma da haka zan ce, amma ku daure ku karanta har ƙarshe. In kun ga rubutun ya hargitse ku yi haƙuri.

Ni matar aure ce, muna zaune a Faskari, 'yarmu ɗaya, Hanifa, ko yaye ta ban yi ba. Na gama sakandare kafin aure, iyakar karatuna ke nan. Maigidana direba ne, motar tashi ce ta kanshi, irin ta ɗaukar kaya mai shan gas, wadda injin ke ƙarƙashin kujera, kuma tana da tobo, abin nan mai ƙara wa inji ƙarfi. Da ita muke ci muke sha. Da kaka ba ya zama, daga gona zuwa gida, daga gida zuwa kasuwa, yau Kankara gobe Sabuwa, masara, dawa, waken suya, duk abin da aka samu.

Wanda ba ɗan yankinmu ba sai na yi mashi bayanin yadda ake ɗaukar amfani yanzu. Gonakin da ke nesa da gari ba a tara hatsi a bar shi ya kwana, kun san dalili, mutanen daji masu bindiga. Ana sussuka ana shiƙa ana zubawa a buhu, mota na tsaye a tsakiyar gona ana lodi. Kuma ba a kashe mota. Direba zai juya kanta ya fuskanci hanya, ya bar injin na aiki tun daga buhun farko har na ƙarshe, don in aka ji ƙarar babura ba a tsayawa neman makulli ko turi. Mace mai goyo kuwa gaban mota ake cewa ta zauna, don kar a tashi gudu a bar ta. Kowa haka yake yi, babu wanda ya taɓa ganin laifin abin.

Makon jiya muka je gonar surukina wajen Ruwan Godiya, ni na kai wa 'yan aiki abinci da kunu. Da na gama rabawa Hanifa ta fara rigima, sai Baban Hanifa ya ce in shiga gaba in ba ta nono, shi kuma ya hau bayan mota yana jera buhuna. Mata na shiƙar dawa kusa da mu, iska na kwaso ƙaiƙayi tana turawa ƙarƙashin mota, ga kara da busasshiyar ciyawa ko'ina. Ƙasan motar dama kullum da zafi, na saba, in muka yi tafiya sai na ɗora ƙafa a kan jaka. Ranar sai na ji ƙauri, na ɗauka masu gasa masara ne. Sai na ga hayaƙi na fitowa ta gefen giya, na ɗaga ƙafa silifas ɗina ya kama ƙasa, ya narke. Na kama ƙofa, to ƙofar ɓangaren fasinja ta waje kawai take buɗewa, hannun ciki ya karye tun bara, kullum ana cewa za a gyara. Ɓangaren direba kuma nan hayaƙin ya fi yawa. Na yi ta kira, ƙarar inji ta hana shi ji. Wata dattijuwa cikin masu shiƙa, Inna Lami, ita ta hango ni. Ta yar da ƙwaryarta ta zo da gudu, ba ta san yadda ake buɗe ƙofar ba, sai ta miƙo hannu ta ce, “Miƙo mani ɗiyar, ke dai miƙo ta.” Ta taga na miƙa mata Hanifa. Ban san lokacin da aka buɗe mani ba, na dai ga kaina a ƙasa, gefen hijabina ya ƙone, maza na watsa ƙasa a ƙarƙashin mota, wani ya ɗauko sauran kunun nan ya juye a kai. Allah ya taƙaita, wayoyi da wata roba kawai suka ƙone.

Tun ranar ban dawo daidai ba. Ko tuwo ya kama a tukunya na ji ƙauri sai in bar madafa in je in ɗauki yarinya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda maigidan ya mayar da abin labarin dariya. Ya tsorata ranar, na gani a idonshi. Amma da aka kwana biyu sai ga shi a ƙofar gida yana ba abokanshi labari wai motarshi ce kaɗai a Faskari da ta taɓa shan kunu, shi ya sa ta ƙara ƙarfi. Ina jin su daga ciki suna ta dariya.

Makanikinshi na Kankara, Malam Sabi'u, shi ya zo ya duba. Na kawo mashi ruwa na tsaya daga bakin zaure ina saurare. Ya ce bututun da ke saukowa daga tobo ya haɗu da salansa, nan ne wurin da ya fi ko'ina zafi, in mota ta sha lodi har ja yake yi. Ƙaiƙayi ya taru a kanshi, a ɗan lungun da ke tsakaninshi da ƙasan kujera, ya yi ta cin zafi har ya kama. Ya tambaya ina kwanon da ke rufe wurin, don dama da shi motar ke zuwa. Baban Hanifa ya ce ya cire shi da daɗewa, wai kwaramniya yake yi, a hanyar daji kuma ba a son mota mai shelar kanta tun daga nesa. Na ce to ina yake? Wallahi 'yan zaure, kwanon da ke rufe akurkin kajina ne. Shi ya kawo mani da hannunshi, an buge shi ya miƙe, an yanke gefe, kullum ina ɗaga shi in zuba masu dusa, ban san abin da aka ciro daga ƙarƙashin ƙafata ba ne.

Maganar fentin siramik daga bakin wani Alhaji na Sabuwa ta fito, uban gidan maigidana ne a da, yana da motoci. Ya zo jaje, ya ce shi ya sa an yi wa bututun motarshi ɗaya wani fenti a Kaduna, ba fenti irin na bango ba, wai kamar abin da ake shafa wa kwanon tangaran, a kankare ƙarfen tas, a fesa ciki da waje, a gasa a wuta. Ya ce tun daga nan direbanshi ya daina kukan zafin kujera. Na ji kamar an sauke mani kaya. Na ɗauki waya na yi ta kallon bidiyo, Turancin da na iya ya kai ni in gane cewa yana rage zafin da ke fita waje kuma yana hana tsatsa. Amma duk motocin da na gani a kan kwalta mai sheƙi suke, babu wadda ke tsaye a gonar dawa injin na aiki ƙaiƙayi na zuba a kanta. Na sa Yayana ya kira Alhajin ya tambaye shi ko bayan fentin mutum zai iya taɓa bututun, ya yi dariya ya ce a gaya mani kar in gwada, har yanzu zai gasa nama. To in zai gasa nama, ƙaiƙayi fa?

Malam Sabi'u shi kuma cewa ya yi wannan aikin masu kuɗi ne, bututun namu tsoho ne, duk tsatsa da tabon walda, fentin ba zai zauna ba, damina ɗaya zai fara ɓarewa. Shi a ganinshi a naɗe shi da bandejin salansa, a nan Kankara ma ana samu. Yayana ya tambayi wani makanike a Funtua, wannan ya ce kul, bandeji in baƙin mai ya ɗiga a kanshi tsotsewa yake, ya riƙe ƙaiƙayi, ya zama lagwani, kuma yana cinye ƙarfe ta ciki. Shi ya ce a sayi sabon bututu tukuna sannan a yi siramik ɗin. Kowa na magana da ƙarfin gwiwa, kowa na rantsuwa, ni kuma da na zauna a cikin hayaƙin babu wanda ya ba ni amsar abin da na tambaya.

Na samu maigidan na ce ko dai mene ne a gwada, in don tsada ne a sayar da tumakina. Ya ce ba maganar tumaki ba ce, in aka kwance bututu aka kai Kaduna mota za ta zauna, a tsakiyar kaka, hatsin mutane na zube a daji, kuma aikin shekara a wannan ɗan lokacin ake yin shi. Ya ce in an gama kwasa zai yi duk abin da nake so. Na ce ai lokacin babu ƙaiƙayi, wutar ba za ta jira a gama kaka ba. Ya ce zai riƙa share wurin da tsintsiya kafin lodi. Na ce da wace natsuwar, mutumin da ke lodi kunnenshi na daji? Na ce to a mayar da kwano, a je wajen maƙeri ya ƙera wani. Ya ce na maƙeri ya fi na asali ƙara. Na ce to a riƙa kashe mota, alhali ni ma na san amsar. Daga nan ya fusata, ya ce tun da na kalli bidiyo biyu na zama injiniya, shekarunshi nawa a kan sitiyari. Hajiya, mahaifiyarshi, ta kira ni ta yi mani nasiha da taushi, ta ce tsautsayi ne ya riga ya wuce, an yi sadaka, in daina sa wa yaro fargaba a ranshi yana fita nema. Na ce to Hajiya, don ba zan iya musu da ita ba.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Da mai rewaya ya gama gyaran wayoyin, aka tada mota ta tashi, maigidan ya rataye makulli a ƙusar da ya saba ya tafi masallaci. Na ɗauke. Ban shirya ba, hannuna ne kawai ya kai. Guda ɗaya ne dama. Na ƙulle shi a bakin zanina, yanzu haka da nake rubutun nan yana jikina. Ya birkice gidan kaf, ya zazzage aljihun duk rigunanshi, ni ma ina taya shi ɗaga tabarma, Allah ya yafe mani. Bai zarge ni ba ko kaɗan, cewa yake ƙila a hanyar masallaci ya faɗi. Mutane kuma sai sallama suke a ƙofar gida, wannan masararshi na wajen Ketare, wancan wakenshi, yana ba su haƙuri murya ƙasa-ƙasa. Yau da safe ya ce ya gaji, gobe mai rewaya zai dawo ya fasa makunnin ya haɗa mashi waya, ya riƙa tada ta ba makulli har a gama kaka. Kun ga ke nan na ƙara mashi tsirarar waya a kan wutar da nake gudu.

Ɗazu da hantsi Inna Lami ta shigo. Ta zo duba Hanifa, ta kawo mata ƙuli-ƙuli a leda duk da ba ta da haƙoran ci, ta goya ta tana cewa ga ɗiyata ta taga. Da za ta tafi sai ta tsaya a bakin ƙofa tana jan gefen mayafi, ta ce, “Ɗiyata, ki ɗan taya ni yi wa maigidan magana. 'Yar dawar tawa na can gona, an sussuke, ita ke nan gare ni bana. Ko a saman lodin wani ne ya ɗoro mani.” Na ce in Allah ya yarda Inna. Ina faɗa makullin na taɓa cinyata. Da ta fita na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Don haka nake roƙonku, wanda ya sani ya gaya mani gaskiya, ba abin da ya ji a bakin wani ba. Wanda ya taɓa yi wa bututun tobo fentin siramik a motar da ke shiga gona, shin yana rage zafin har ƙaiƙayi ya daina kamawa, ko dai kujera kawai yake sanyayawa? Yana zama a kan tsohon ƙarfe? In bai kai wahalarshi ba ku gaya mani in daina tada hankalin gidana a kan banza, ku faɗa mani abin da za a iya yi a nan kusa cikin yini ɗaya, kwano ne ko me, wanda ba zai yi ƙarar da zai sake cire shi ba. In kuma shi ne maganin, ta yaya zan sa ya yarda ya ajiye mota alhali dawar matar da ta karɓi 'yata ta taga na zube a daji? Sannan makullin nan, in mayar da shi kan ƙusa in yi shiru kamar an tsinta, ko in miƙa mashi a hannu in ce ni ce, in faɗi sharaɗina, duk abin da zai biyo baya ya biyo? Matan direbobi, ku da kuka san irin zuciyarsu, wanne za ku yi?

Ni dai ba zan iya jin ƙarar motar nan ta fita daga ƙofar gida a yadda take ba, kuma ba zan iya sake kallon idon Inna Lami makullin na ƙulle a zanina ba. Mai rewaya da safe zai zo. Adimin don Allah kar ka ajiye wannan a layi, ka saka shi yau.