Igiyar Auta Tana Rataye a Kan Kekena

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce ta ƙani zuwa ga babbar yaya, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran duka. Allah ya ƙara masa sauƙin ciwon bayan nan, ya buɗa muku a inda kuke. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, faɗan ma bai ragu ba. Takwararki ta fara tafiya, yanzu babu almakashin da ke da kwanciyar hankali a gidan. Auta ma lafiya, kuma a kansa na zauna yin rubutun nan, in dai za a kira wannan zama, don tun ɗazu nake tashi ina zagaya shago kamar wanda ya ɓatar da allura.

Kin san tun da ciwon nan ya tafi da idon Auta ni ne ɗan jagoransa a gudu. Ke kika ce in fito da shi daga ɗaki ko ta halin ƙaƙa, ni kuwa bayan ɗinki ba abin da na iya sai gudun famfalaki. Na ɗinka mana igiya da ragowar yadin wando, da madauki a kowane gefe, ɗaya a hannunsa ɗaya a nawa. Aikin ɗan jagora ba a ƙafa kaɗai yake ba, Yaya, rabinsa a baki ne: ga rami, ga kwana, tudu na zuwa, ruwa a hagu. A tsere kuma doka ta hana ka ja shi, ta hana ka riga shi taka layin ƙarshe. Dole ka ja baya ya wuce, in ba haka ba a soke masa gudun gaba ɗaya.

To, bana wani abu ya shige ni. Ina ganin furfura a madubin shago, gwiwa tana ƙara in na miƙe daga keken ɗinki, sai zuciyata ta fara raɗa min cewa igiyar nan ce ke riƙe ni, da ni kaɗai ne da tuni an san da zamana a cikin 'yan gudu. Na yi ta juya maganar har na kasa ɗinka aljihu a miƙe. Da babban tseren ƙarshen shekara ya matso, sai na ce wa Auta ina so in gwada kaina ni kaɗai, ko sau ɗaya ne. Ya ce ba komai, ai na yi ƙoƙari. Wani direban motar asibiti da muke gudu tare, wanda ake kira Barewa saboda siraran ƙafafunsa, ya ce zai riƙe shi. Da hannuna na miƙa masa igiyar, har ina yi masa lacca a kan yadda zai lallaɓa min ƙani.

Ranar tsere na fita kamar an kwance akuya. Ke dai bari! Ashe bakina bai san an sallame shi ba. Ina cikin mutane masu ido biyu garau, sai ihu nake ga rami, ga kwana, har wata baiwar Allah ta juyo ta ce ta gode, amma ta gani. Hannun hagu kuwa ya ƙi komawa jikina, yana can a buɗe yana riƙe da iska. Na kuma zuba ƙarfina duka tun farko, don ban taɓa lura cewa takun Auta nake bi ina daidaita nawa ba. Bayan mun wuce rabi ƙirjina ya fara wuta, sai ga su sun zo ta gefena, shi da Barewa, igiyata a tsakaninsu. Barewa bai ce masa ga ni ba. Auta da kansa ya gane ni da jan ƙafar daman nan da taka keke ya bar min, ya ɗaga murya ya ce in sauke kafaɗa in ja numfashi ta ciki, suka wuce. Da na lallaɓo layin ƙarshe kuma, wallahi sai na ci burki na ja baya, ina jiran wani ya riga ni takawa. Mutane suna ta ihu in shiga, wani tsoho ya zo ya wuce ni yana dariya. Auta kuwa tuni ya sha ruwa ya huce.

Bayan kwana biyu ya zo shago da sandarsa, ya zauna a bencin masu jiran kaya, ya ciro igiyar. Ya ce duk shekarar nan yana jin numfashina yana canzawa tun kafin mu kai gadar nan ta bayan kasuwa, sai ya rage gudu, bai faɗa ba don ni yayansa ne, kuma ni na fito da shi daga ɗaki. Ya ce baɗi yana so ya ga iyakar ƙafarsa, don haka in rage faɗin madaukina, hannun Barewa siriri ne yana zamewa. Yaya, na ji daɗi, na ji kunya, na kuma ji kishi, duk a lokaci ɗaya. Ni da nake cewa igiya ta riƙe ni, ashe ni ake ja a hankali don kada in ji ciwo. Da Inna ta ji, cewa ta yi Allah ya ƙara, dama bakina ya fi ƙafata gudu.

Ga abin da na sa a gaba baɗi. Ba lambar yabo nake nema ba, igiyar nan nake so ta dawo hannuna. Na rage shayin da nake cika wa sukari, na daina zama a kan keke tun safe har magariba ba miƙewa, kullum da asuba kuma ina hawa tudun bayan makaranta ina magana da ƙarfi, don ɗan jagoran da ba ya iya magana a kan tudu ba shi da amfani. Maƙwabta sun fara tambayar mai ɗakina ko lafiyata ƙalau. Na roƙi Auta ya ba ni zuwa tsakiyar shekara mu fita tare: in muka wuce gada ya ji numfashina ya canza, ya tafi da Barewa, ba zan ce uffan ba. Ko zan iya, ban sani ba. Gwiwar nan ba ta yi min alkawari ba.

Roƙona gare ki ɗaya ne: don Allah kada ki sa baki. Na san ki, kina gama karantawa za ki kira shi ki ce ya tausaya wa yayansa, shi kuma ba ya tsallake maganarki. Zai miƙo min igiyar, ya koma rage gudu, ni kuma ba zan taɓa sani ba. Addu'a kawai nake so.

Barewa kuwa sabuwar igiya na ɗinka masa, daidai hannunsa. Da Auta ya zo karɓa ya shafa ta, ya tambayi tsohuwar. Na ce tana rataye a kan keke, ban rage komai ba. Ya miƙa hannu ya lalubo ta, ya zura yatsunsa a madaukina, ya daɗe a haka, sannan ya ce in bar shi yadda yake.

Ki gaida maigidanki da Babban Yaya idan kun haɗu, ki shafa min kan 'yan biyu. Inna, mai ɗakina da Gwaggo suna gaishe ku. Auta bai san na rubuto ba.

Ƙaninki,
Tela.